Tsugunne Ba Ta Ƙare Ba

Majalisarmu ta gindin darbejiya ba ta rasa abin tattaunawa. Yau farashin masara, gobe wutar lantarki, jibi wasan Kano Pillars. Amma ran Asabar ɗin nan gwiwa ce ta cinye mana hira, tun daga bayan La'asar har lokacin Magariba ya kawo jiki.

Alhaji mai shagon hatsi ne ya jawo zancen, ba da niyya ba. Ya yi sallama, ya dubi tabarma, ya dubi benci, ya zaɓi benci. Ya juya baya, ya tattare babbar riga, ya fara sauka a hankali. Da ya zo rabin hanya sai ya saki jiki gaba ɗaya, ya zauna daɓas, har kofin shayin da ke ɗaya gefen bencin ya yi tsalle.

"Wash! Gwiwa dai ta tafi," in ji shi.

Tela ya ce, "Haba Alhaji, ina gwiwa za ta tafi kana ɗan hamsin da 'yan kai? Dubi Baba Ladan. Ya ba tamanin baya, amma a kan buzu yake zama, kuma in zai tashi ko ƙasa ba ya dafawa."

Nan fa majalisa ta ɗauka. Wani ya ce abincin zamani ne, mun bar gero da dawa mun koma shinkafa. Wani ya ce sanyin fanka ne da ruwan firji. Direban da ke zuwa Legas ya ɗora laifin a kan kujerar mota. Kowa da tasa, amma a abu ɗaya muka haɗu: iyayenmu sun fi mu gwiwa. Kuma Bahaushe bai taɓa ɗaukar gwiwa da wasa ba. In ya ba ka shawara mai kyau ya ƙarfafa maka gwiwa, in mugun labari ya zo gwiwa ta yi sanyi, in aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya a yi haɗin gwiwa.

Ana cikin haka sai ga ɗan maƙwabcinmu ya dawo daga aiki, wanda ya karanta gashin ƙashi, likitan fisiyo kamar yadda ake ce musu yanzu. Ya cire takalmi, ya tsugunna gaban Baba Ladan yana gaisuwa. Tela ya ce, "Yauwa likita, faɗuwa ta zo daidai da zama. Faɗa mana abin da ya ci gwiwar Alhaji."

Yaron ya yi murmushi. "Kawu, ku yi mini izini in tayar da ku tsaye na minti biyu. Gani ya kori ji."

Muka miƙe, mu shida. Ya ce kowa ya tsaya ƙyam ya ɗora tafin hannu a gaban cinyarsa. Naman da taushi, har ƙoƙon gwiwa kana iya turawa dama da hagu da yatsa. Ya ce a ɗan lanƙwasa gwiwa kaɗan. Nan take naman ya ɗaure a ƙarƙashin hannuna kamar an ja igiya, ƙoƙon ya kafe wuri ɗaya. Ya ce a ƙara sauka, kamar mai shirin zama a kan kujerar da ba ta nan, a tsaya a wurin. Kafin a ƙirga ashirin cinyoyi sun fara rawa, tela yana ta salati. Sai ya ce a sauka gaba ɗaya, a tsugunna irin na gaisuwa. Abin mamaki sai sauƙi ya zo. Cinya ta kwanta a kan sha-raɓa, zafin ya lafa.

"Kun gani ko? Cinyar ita ce, nauyinku kuma bai canja ba. Inda kuka ajiye gwiwa ne kawai ya canja, shi ya canja aikin."

Ga yadda ya warware mana. A gaban cinya akwai tsoka huɗu da suka haɗu a jijiya ɗaya mai kauri, wadda ta rungumi ƙoƙon gwiwa ta sauka ta kama saman ƙashin ƙwauri. Su ke miƙe gwiwa. Uku daga cikinsu a ƙashin cinya suka tsiro, ta huɗun kuwa tun daga ƙashin ƙugu ta taso, ta ƙetare gaɓa biyu, shi ya sa take taimakawa wajen ɗaga cinya da harbin ƙwallo. A bayan cinya kuma akwai wasu uku masu lanƙwasa gwiwa. Shi ƙoƙon gwiwa aikinsa irin na ɗan iccen nan ne da ke ɗage tsirkiyar goge daga jikin ƙwarya: yana nisanta jijiya daga tsakiyar gaɓa don jan ya ƙara ƙarfi.

Idan mutum yana tsaye ƙyam, ƙashi ne a kan ƙashi, tsoka ba ta da wani aikin kirki. Da gwiwa ta fara lanƙwasa sai nauyin jiki ya koma bayanta yana neman ninke ta, dole tsokar gaba ta riƙe. Masu bincike suna manna wa fatar cinya wasu 'yan faifai masu jin lantarkin da tsoka ke fitarwa lokacin aiki, na'urar da ake kira EMG, kuma abin da take nunawa ke nan: aikin tsokar gaba yana hauhawa yayin da ake sauka, har ya kai ƙololuwa a wajen digiri 90, wato inda cinya ta miƙe daidai da ƙasa kamar ta mai zama a kujera. In an kai ƙasa sosai, cinya da sha-raɓa sun haɗu, sai su raba nauyin. Wannan ne dalilin da mai tallan mangwaro zai daɗe a tsugunne a bakin kasuwa yana ciniki, amma ba zai iya minti biyar a rabin tsugunno ba.

Ita tsokar kanta ta fi ƙarfi idan ba ta tsuke sosai ba, ba ta kuma miƙe sosai ba. A gwiwa, wannan wurin yana kusa da digiri 60 zuwa 70. Direba ya buga cinya ya ce, "Ashe shi ya sa! Na kalli kokawa a Maraɗi, na kalla a Sakkwato, ban taɓa ganin ɗan kokawar da ya shiga fili da miƙaƙƙiyar ƙafa ba." Haka ne kuwa. Ɗan kokawa da ɗan dambe duk a ɗan durƙushe suke tsayawa, a daidai inda cinya take da ƙarfin tokarewa da na zabura. Ba a aji suka koya ba, jiki magayi ne.

Tsohon hedimasta, wanda tun ɗazu yake shiru, ya yi ajiyar zuciya. Ya ce wannan rabin tsugunno ya tuna masa da gwale-gwalen makaranta, lokacin da ake sa yaro ya hau babur ɗin da babu shi, hannu a miƙe, gwiwa a lanƙwashe, har hawaye ya zubo. Ya ce da sun san a mafi wuyar wuri suke tsayar da yaran, da tsallen kwaɗon da ake ɗora musu a kai, da ba su yi ba. Majalisa ta yi tsit na ɗan lokaci, domin babu wanda bai ɗanɗana ba a cikinmu.

Alhaji ne ya dawo da mu. "To likita, ni ina ruwana da kokawa? Ni zama ne yake gagara ta."

"Alhaji, kun taɓa jan ruwa a rijiya?"

"Tun kafin mahaifinka ma ya yi aure," in ji tela, aka yi dariya.

Yaron ya ce to aikin tsoka iri uku ne, kuma duk suna bakin rijiya. In kana jawo guga sama, tsoka tana tsukewa tana gajarcewa, wannan aikin ja ne. In ka tsaya da gugan a rataye, ba sama ba ƙasa, tsoka tana aiki amma tsawonta bai canja ba, wannan aikin riƙo ne. In kuma kana mayar da cikakken guga ƙasa a hankali don kada igiya ta ƙwace, tsoka tana miƙewa alhali tana riƙe da nauyi, wannan aikin birki ne. A cinya, tashi daga zaune ja ne, rabin tsugunnon nan da muka yi riƙo ne, sauka zuwa zama kuwa birki ne.

"Abin da na gani a zamanku ɗazu, Alhaji, birki ne ya saki a rabin hanya, a daidai inda nauyi ya fi yawa. Gwiwar tana nan, cinyar ce ta yi rauni."

Wannan magana ta birki ita ta fi tsaya mini a rai, domin mu duka hawa muke girmamawa, ba ma kallon sauka a matsayin aiki. Duk wanda ya taɓa kai baƙi Dutsen Dala ya san yadda abin yake. Wajen hawa ake haki, ana tsayawa ana dafa ƙugu. Wajen gangarowa kuwa hira ake yi ana dariya. Amma kwana ɗaya ko biyu bayan nan, in cinya ta yi tsami har matattakalar masallaci ta zama abin tsoro, gangarowar ce ta jawo mafi yawan tsamin. Alhazan da suka hau dutsen da kogon Hira yake a Makka ma irin labarin da suke bayarwa ke nan.

Dalilin kuwa shi ne, a aikin birki jiki zare kaɗan yake tayarwa daga cikin zaruruwan tsoka su ɗauki nauyin da a aikin ja sai an tayar da masu yawa. Saboda haka iskar da ake buƙata kaɗan ce, ba a haki. Sai dai kowane zare ya ɗauki kaya mai yawa yana kuma miƙewa, sai ya samu 'yan ƙananan raunuka da ido ba ya gani. Su ne tsamin da ke tsananta tsakanin kwana ɗaya zuwa uku. In sun warke tsokar takan fi da ƙarfi, kuma in aka sake irin aikin bayan mako ɗaya ko biyu tsamin ba ya kai na farko.

Likitan ya ba mu labarin wani gwaji da wasu masana uku, Abbott da Bigland da Ritchie, suka wallafa a Ingila a 1952. Kekuna biyu suka kafe baya da baya, suka haɗa su da sarƙa ɗaya. Mutum ɗaya yana tuƙa feda gaba, ɗayan yana tokare tasa fedar yayin da take juya masa ƙafa baya. Ƙarfin da kowannensu yake sawa ɗaya ne, tunda sarƙa ɗaya ta haɗa su. Amma da aka auna iskar da jikin kowa ya ci, mai tuƙawa ya fi mai tokarewa nesa ba kusa ba. Mai gyaran kekuna na bakin layinmu ya ce lallai sai ya haɗa irin wannan ya gwada da yaran shagonsa.

Baba Ladan, wanda duk wannan hira yana jan carbi, sai a lokacin ya sa baki. Ya ce, "Ɗana, lissafa mini. Raka'a nawa ke cikin farillan yini?" Aka ce 17. Ya ce to sau 17 ke nan mutum yake sauka daga tsaye zuwa ƙasa, sau 17 kuma yake miƙewa in an haɗa da tashin bayan sallama, ga sujada 34, ban da nafila. Ya ce salla don Allah ake yin ta, ba don cinya ba, amma wanda ya yi ta da natsuwa, ya sauka a hankali maimakon ya zube, ya samu lada ya samu lafiya. Ya ƙara da cewa wanda ciwo ya hana shi, addini ya yi masa sauƙi ya yi a zaune, kada kowa ya ga laifinsa.

Inna mai ƙosai tana gefe tana haɗa wutar yamma, ashe kunnenta yana wajenmu. Ta ɗago ta ce, "Ku maza kuna ta zancen tsugunno kamar ku kuka san shi. Mu da muke wanke-wanke a tsugunne, wanki a tsugunne, tuƙin tuwo a kan kujera 'yar tsugunno, mu gaishe da surukai gwiwa biyu a ƙasa? Shekara talatin ina gaban kaskon nan. In tsugunno magani ne, me ya sa gwiwata take ƙara in zan tashi?"

Yaron ya juya gare ta da ladabi. "Inna, gaskiyarku. Abin yana da fuska biyu."

Fuska ta farko ita ce abin da aka gani a wajen mutanen Hadza na ƙasar Tanzaniya, masu rayuwa da farauta da tsintar 'ya'yan itace. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya gano suna shafe kusan awa 10 a yini ba sa yawo, kusan daidai da mutanen birane a Amurka da Turai. Bambancin shi ne su ba su da kujera. Wani ɓangare mai yawa na hutunsu a tsugunne ko a durƙushe suke yin sa, kuma da aka auna, tsokar ƙafa tana ɗan aiki a irin wannan zama fiye da yadda take yi a kan kujera. Fuska ta biyu kuma daga birnin Beijing na ƙasar Sin ta fito, a wani bincike na 2004 da aka yi a kan tsofaffi. Waɗanda suka ce suna daɗewa sosai a tsugunne kowace rana lokacin suna da shekara 25, an fi samun zaizayewar gaɓar gwiwa a cikinsu da suka tsufa. Ga kuma lissafin matsin da ke kan ƙoƙon gwiwa: a tafiya kusan rabin nauyin jiki ne, a hawan bene ya haura ninki uku, a lanƙwasa mai zurfi yakan kai ninki bakwai. Wato sauka da tashi akai-akai abinci ne ga cinya, amma kafewa wuri ɗaya na awoyi, musamman in jiki ya yi nauyi, gaɓa ce take biyan kuɗin. Ya shawarci Inna ta samu kujerar da ta ɗan fi tata tsawo, ta ɗaga murhun a kan bulo, ta riƙa miƙewa tana taka ƙafa tsakanin kasko da kasko.

Samarin layinmu da ke dawowa daga filin ƙwallo sun tsaya suna saurare. Ɗaya daga cikinsu yana ɗingishi, ya ce bayan cinya ne ya kama shi yana tsakiyar gudu. Likitan ya ce nan ma zancen birki ne. Lokacin da mai gudu ya wurga ƙafa gaba, tsokar baya ce take tare ƙwaurin kafin ya taka ƙasa, tana miƙewa tana riƙewa a lokaci ɗaya, kuma a daidai wannan ɗan lokacin ta fi yagewa. Ya nuna musu atisayen da ake yi mata: mutum ya durƙusa gwiwa biyu a kan abu mai taushi, abokinsa ya danne masa dugadugai, shi kuma ya riƙa karkata gaba a hankali, jiki a miƙe, har sai ya kasa riƙewa ya tare da hannu. Wannan atisaye yana cikin shirin ɗumama jiki na FIFA 11+, wanda aka gwada a ƙungiyoyi 20 na gasar matasa ta Legas, aka wallafa sakamakon a 2014: raunuka sun ragu da kashi 41 cikin ɗari a ƙungiyoyin da suka bi shirin. Atisayen ba ya buƙatar ko sisin kwabo, sai aboki ɗaya da tabarma.

Akwai kuma wani abu da muke yi wanda likitan ya ja mana kunne a kai. In gwiwa ta bugu ta kumbura, mukan ɗaure ta, mu kwanta, mu ce sai ta huce. To kumburin kansa yana hana tsokar gaban cinya amsa kira yadda ya kamata, ga kwanciya kuma ta ƙara. Cikin 'yan makonni sai ka ga cinya ɗaya ta fi ɗaya siranta, mutum ya tashi ciwon ya tafi amma ƙafar ba ta ɗaukar sa. Shi ya sa masu gashin ƙashi suke fara tayar da tsokar tun mutum yana kan gado, da aikin riƙo: a miƙe ƙafa, a ɗaure cinya, a ƙirga, a saki. Daga nan su zaɓi kusurwar da ta dace. Mai ciwon ƙoƙon gwiwa, in a tsaye zai yi atisaye, ɗan lanƙwasa kaɗan ake fara masa da shi, domin matsi yana ƙaruwa ne da zurfi. In kuma a zaune zai riƙa ɗaga ƙafa da nauyi a idon sawu, abin juyawa yake yi, ƙarshen miƙewa ne ya fi matsa wa ƙoƙon. Wannan zaɓi aikin masana ne, kuma muna da su a Asibitin Ƙashi na Dala da sauran manyan asibitoci.

Da na dawo gida na yi ta juya abin a raina. Ba mu yi wata shawara ba muka bar tabarma, a hankali abin ya shigo. Kujerun roba a wajen suna da ɗaurin aure, kushin a falo, masai na zama, babur har zuwa shagon da ke bayan layi. Kowanne sauƙi ne, kuma ba mai ƙin sauƙi. Amma kowanne ya ɗauke wa cinya wani aiki da take yi sau da yawa a yini ba tare da mun sani ba, ita kuwa tsoka abin da aka daina tambayar ta shi take mantawa. Baba Ladan bai taɓa shiga gidan motsa jiki ba. Shekara tamanin yana sauka ƙasa yana tashi, shi ke nan sirrin.

A majalisar kuwa, da lokacin salla ya yi, Baba Ladan ya naɗe carbi ya miƙe daga kan buzu kamar an zare shi, ya nufi masallaci. Likitan ya matsa kusa da Alhaji ya ce, "Alhaji, ku matso bakin benci, ku jawo ƙafafu baya ƙarƙashinku, ku karkato gaba, sannan ku tashi." Alhaji ya yi yadda aka ce, sai ga shi tsaye ba tare da ya dafa kowa ba. Yaron ya ce ya sake zama, amma a wannan karon yana ƙirga ɗaya zuwa biyar kafin ya taɓa benci. Ya kai uku cinya ta yi rawa, ya cije ya kai huɗu, ya zauna. Kofin shayi bai motsa ba.

Kai mai karatu, gwada wannan tun yau. Duk lokacin da za ka zauna, kada ka zube, sauka kana ƙirga biyar. Ka tashi daga kujera sau goma a jere ba tare da dafa hannu ba, safe da yamma. In gwiwarka lafiya take, kada ka yi sallama da tabarma, kuma kada ka kafe a tsugunne na awoyi. In kuwa ta kumbura, ko tana sarƙewa, ko tana sakin ka a tafiya, ka tafi asibiti a duba ta tun cinyar ba ta sirance ba.